Shahata Ya Rasu a Gadonsa

Shahata ya rasu ne bayan sallar asuba, da kofin shayi a hannunsa, a cikin jirgin da ba nasa ba, a bakin mashigin Suwez. Ƙaninsa Atwa, wanda shi ne rayyis, wato shugaban jirgin, yana sama yana duba igiyoyi ya ji faɗuwar kofi. Da ya sauko ya tarar da yayan nasa ya jingina da bango, baki a ɗan buɗe, kamar wanda ya tashi faɗin magana ta kuɓuce masa.

Jirgin na wani attajirin Alƙahira ne, irin na shaƙatawa mai tafiya da ƙyallen iska. Da sanyi yana Gardaƙa a Bahar Maliya, da zafi mai shi yana son ya same shi a Bahar Rum. Su biyun nan suke ratsa mashigi da shi kowace shekara, Atwa a sitiyari, Shahata a igiya da tukunya.

Atwa ya yi salati, ya shafe masa idanu. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa haɓa, ya ja shi zuwa ɗakin baya, ya kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, ya lulluɓe shi. Hannunsa ne ya yi duk wannan, kansa bai sani ba. Sai da ya ɗauki oba-oba, rediyon jirgin, zai kira hukuma, sannan hankalinsa ya dawo.

Duk wanda ya ci abinci a ruwa ya san mutuwar gida daban, ta jirgi daban. In mutum ya cika a gadonsa, likitan unguwa zai leƙo, ya ga furfura, ya sa hannu, kafin rana ta faɗi an kai shi makwanci. In kuwa a jirgi ne, a cikin tasha, to doka ta shigo. A tsare jirgi, a tsare na ciki, a kai gawa mutuware, likita ya buɗe ya ga abin da ya kashe ta. Haka aka yi wa mahaifinsu da ya faɗi a kwale-kwalensa. An dawo musu da shi bayan kwanaki, a ɗinke daga maƙogwaro har cibiya kamar buhun albasa, kuma Shahata ne ya yi masa wanka. Tun daga ranar, ko mura ta kama shi sai ya ce, “Atwa, in na riga ka, kada ka bari wuƙa ta taɓa ni.”

Gidansu yana Isma’iliyya, tsakiyar mashigi, inda ƙananan jirage ke yada zango. Tafiyar yini guda ce. Atwa ya mayar da oba-oba wurinta. Ya buɗe firij ya kwashe robobin ruwan sanyi kaf, ya jera su a jikin yayansa, ya rufe ƙofa.

Ba a ratsa mashigi sai da jagora. Rana na ɗagowa kwale-kwalen hukuma ya matso, wani mai tumbi ya yi tsalle ya dira, jirgin ya yi tangal-tangal. Atwa ya ga fuskarsa, ya gane shi. Cikin jagororin duniyar nan kaf, sai Mitwalli, abokin wasan Shahata tun suna satar mangwaro a lambunan Isma’iliyya.

“Rayyis Atwa! Ashe ba ku nutse ba? Ina wannan tsohon kadan?”

“Yana kwance, Kaftin. Shi ya kwana gadi.”

“Gadi? Shahata? Ko ɓarawo ya sace katifar da yake kai ba zai farka ba.” Ya sunkuya ta ƙofar sauka ya kwarara murya. “Kai ragon maza! Taso ka dafa wa ubangidanka shayi!”

“Ni zan dafa maka.”

“Naka ruwan wankin kwano ne. To kawo, da babu gara ba daɗi.”

Atwa ya kwance igiyar gaba, ya ruga ya kwance ta baya, aikin mutum biyu. Mitwalli ya kama sitiyari yana girgiza kai, yana cewa shi bai taɓa ganin ƙanin da ya lalata yayansa irin wannan ba.

Suka shiga. A mashigi ba a ɗaga ƙyalle, ko da iska ta zo tana roƙo. Inji kaɗai aka yarda da shi, kuma akwai gudun da ba a so a gaza shi. Wanda ya yi nawa, sai a tsayar da shi a gefen Tafki Mai Ɗaci ya kwana, gobe ya ƙarasa. Ƙaramin jirgi bin gefe yake kamar kare a bakin titi, tsakiya ta manya ce. Hagu da dama yashi, sai soja jefi-jefi a ƙarƙashin rumfa yana korar ƙuda.

Tun fitowarsu jirgin ke nauyi. Ruwa na turo su baya, iskar arewa na dukan goshinsu. Mitwalli ya tura mai, inji ya yi kuka, amma alamomin bakin gaɓa na wucewa kamar tsofaffi masu dawowa daga ta’aziyya.

“Rayyis, me kuka ɗauko ne? Duwatsu?”

“Ruwa ne yake gāba da mu.”

“Ni za ka koya wa ruwan Suwez? Na san lokacin da yake gāba. Wannan jirgin ja da baya yake kamar jakin da ya hango kasuwa. Ba ni ruwan sanyi.”

Atwa ya sauka ya ɗebo masa na tanki. Mitwalli ya kurɓa ya furzar.

“Wannan ai na alwala ne a hunturu! Jirgin attajiri guda babu ruwan sanyi?”

“Firij ya lalace.”

“Firij ya lalace, kuku ya mutu da barci. Kai Shahata! In ka mutu ne ka faɗa mana mu yi maka salla mu huta!”

Ya yi dariya har tumbinsa na dukan sitiyari. Atwa ma ya buɗe haƙora. Bai san da wane ƙarfi ya buɗe su ba.

Ayarin manyan jirage ya fara saukowa daga arewa. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin jirgin kwantena ba, ba zai gane ba. Unguwa ce guda take tafiya, bango baƙi da ke rufe rana, ba ya jin kira, ba ya iya tsayawa ko da ya so. In ya matso sai ya zuƙe ruwan gefe, ka ga duwatsun gaɓa sun fito tsirara, in ya wuce ruwan ya dawo da fushi ya yi ta jijjiga ka. Duk jijjigar da aka yi, kunnen Atwa na ɗakin baya. Sau ɗaya ya ji roba ta faɗo ta gangara. Ya yi tari don ya rufe ƙarar.

Da hantsi ya yi, zafi ya sauko. Ya sami dabara ya leƙa. Robobin sun huce, sun yi ɗumi kamar jikin mai rai. Shi kuwa mai jikin ya fara sandarewa. Ƙuda ɗaya ya riga ya sami hanya. Atwa ya kashe shi da tafin hannu a jikin bango, ya tsaya yana kallon agogo, yana lissafin abin da ba ya lissaftuwa. In suka kwana a tafki cikin wannan zafin, gobe ba sai an buɗe ƙofa ba, hanci zai ba da labari.

Ya hau sama ya tura mai har ƙarshe.

“Kai, a hankali,” in ji Mitwalli. “Ɗazu kana cewa ruwa ne, yanzu kana son ka kashe injin mutane.”

“So nake mu isa yau.”

“Amarya ce ke jiranka?”

Ana gab da azahar, kafin su fita ƙunci su shiga tafki, inji ya fara ƙara mai tsini. Atwa ya leƙa baya, ya ga bututun da ke tofar da ruwa ya bushe, sai hayaƙi. Wani abu ya toshe mashayar inji, inda yake jan ruwan da ke sanyaya shi. Dole ya kashe shi, in ba haka ba ya ƙone. Shiru ya sauka, iska ta fara juya kan jirgin tana tura shi tsakiya. Can gaba, a kwanar mashigi, wani babban jirgin ya ɓullo kamar bango.

Dariya ta bar fuskar Mitwalli.

“Ina matatar ruwan?”

“Ɗakin baya. Ƙarƙashin gado.”

“To tashe shi! Shahata! Wallahi ba wasa nake ba yanzu, tashi ka buɗe matata!”

Atwa ya riga ya faɗa ƙasa. Murfin yana ƙarƙashin katifa, katifa tana ƙarƙashin Shahata. Ya sa hannu ya rungumo shi. Mutumin da ya goya shi yana yaro, yau ya yi nauyin ƙarfe, ba ya lanƙwasuwa. Robobi suka zube. Ya tura shi ya jingina da bango, ya tokare shi da kafaɗa, hannu ɗaya ya ɗaga katifa, ɗayan yana murɗa murfi da ya ƙi murɗuwa. “Yi haƙuri, Yaya,” yake ta faɗi, “yi haƙuri, Yaya.” A waje babban jirgin ya saki ƙaho, har haƙoran Atwa suka amsa.

Murfi ya buɗe. Ya zura yatsu ya zaro leda da wani abin ruwa mai yauƙi, ya watsar, ya mayar ya ɗaure. Ya ɗaga kai zai yi kira a tayar da inji, sai ya ga tagar rufin ɗakin a buɗe. Mitwalli ya saki sitiyari ya zo ya ɗaga ta don ya zagi abokinsa. Mayafi ya zame. Ga haɓa a ɗaure da rawani.

Suka kalli juna.

“Tayar, Kaftin,” in ji Atwa.

Inji ya kama. Mitwalli ya karkata kan jirgin gefe, bangon ƙarfe ya shige su kusa har ana ganin tsatsa da rubutun da ke jikinsa, wani baƙon matuƙi a can sama yana ɗaga hannuwa yana zagi da yarensu. Ruwa ya zuƙe, gindin jirgin ya goge ƙasa, ruwa ya dawo ya ɗaga su. Atwa na ƙasa rungume da yayansa don kada ya faɗo.

Da ya hau sama, Mitwalli bai dube shi ba.

“Tun yaushe?”

“Bayan asuba.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.” Ya juyo da jajayen idanu. “Ka bar ni ina zagin gawa tun safe. Ka bar ni na ce masa in ya mutu ya faɗa mana. Wane irin mutum ne kai, Atwa?”

“Ka san abin da aka yi wa Baba.”

“Na sani, ina wurin. Amma ka san abin da ka ɗora mini? Saura kaɗan in yi ritaya. ’Ya’ya mata ne cike da gidana. In aka ji na ja jirgi da gawa ban faɗa ba, ba aiki kaɗai zan rasa ba.”

Oba-oba ta yi ƙara. Tashar da ke gaba ce, suna tambayar jagora me ya sa ƙaramin jirgi ya tsaya a hanya. Mitwalli ya ɗauka. Atwa bai roƙe shi ba. Ya durƙusa ne kawai ya kama gefen wandonsa, dattijo mai furfura, ya sunkuyar da kai.

“Tashi, kada soja ya gan ka,” in ji Mitwalli ta gefen baki. Ya danna. “Leda ce ta shiga mashayar inji. Mun cire. Muna tafiya.”

Muryar ta ce sun yi latti. In ba su wuce ƙarshen tafki kafin la’asar ba, su nemi gefe su saki anka su kwana sai gobe.

Suka shiga Tafki Mai Ɗaci. Fili ya buɗe, masunta na jan raga a ƙananan kwale-kwale, amma jirgin na nan da nauyinsa. Ba su isa su matsa wa inji ba kuma. Mitwalli ya dubi gaɓa, ya dubi rana, ya yi tsaki.

“Ka faɗa masa?”

“Wa?”

“Shi mana. Ka faɗa masa inda za ka kai shi?”

Atwa ya girgiza kai.

“Shi ya sa. Haba Rayyis, kamar ba ɗan gari ba? Makara nawa ka ɗauka a rayuwarka? Ba ka taɓa ganin wadda ta ƙi tafiya ba, maza na nishi tana ja da baya, sai an rarrashe ta? Mutumin nan ya ji an kwance igiya, ya ji muryar hukuma, ya zaci mutuware za ka kai shi. Tun safe nake cewa jirgin nan turjewa yake. Sauka ka yi masa magana.”

Atwa ya sauka. Ya gyara masa kwanciya, ya mayar da mayafi, ya zauna a ƙasa da bakinsa kusa da kunnensa.

“Yaya, ni ne. Gida za mu. Ba wurin likita ba, wallahi, gida. Gadonka na ƙarfe, wanda ke ƙara. Matarka Ummu Nagi za ta shimfiɗa maka. Ni zan yi maka wanka da hannuna, ba wanda zai taɓa ka. Kusa da Inna za mu sa ka. Amma in ka ci gaba da turjewa za su kwanar da mu a nan, kuma ka san zafin nan. Ka taimake ni, Yaya. Ban taɓa ratsa mashigin nan ba kai ba.”

A nan kuka ya ci ƙarfinsa. Ya cusa fuska a katifa don kada ya fita waje.

Masu ilmi za su ce ai a tafki ruwa ba ya gāba da kowa, iska kuma takan kwanta in rana ta karkata. Su suka sani. Abin da ya faru dai shi ne, da ya hau sama ya tarar da kumfa na tashi a goshin jirgin, Mitwalli na riƙe da sitiyari da hannu biyu, hawaye na bin kumatunsa.

“Ka gan shi ko? Ɗan banza, yanzu kuma gudu yake. Allah ya jiƙan ka, Shahata, a hankali, kada ka karya mana inji.”

Suka wuce tashar ƙarshen tafki ana kiran la’asar a ƙauyen gefe. Ma’aikacin ya fito ya dubi agogonsa, ya dube su, ya ɗaga hannu ya koma ciki.

Atwa ya kira Nagi, ɗan Shahata, direban a-kori-kura. Ya ce masa babansa ba shi da lafiya, ya kawo mota bakin ƙofar tasha, ya shimfiɗa bargo a baya, kada ya faɗa wa kowa.

Da suka ɗaure a Isma’iliyya rana ta yi ja. Saura ƙofa, da mai gadinta. Mitwalli ya sauko ɗakin baya, ya tsaya a kan abokinsa, ya karanta Fatiha. Sannan ya nuna rawanin.

“Marar lafiya ba ya ɗaure haɓa. Kuma ba a rufe masa fuska.”

Wannan ya fi komai yi wa Atwa ciwo a ranar. Ya kwance ƙullin. Haɓar ba ta motsa ba, ta riga ta zauna. Ya jiƙa tsumma ya ɗora masa a goshi har ya sauko kan idanu, kamar mai zazzaɓi. Suka ɗora shi a katakon gado, suka rufe shi da bargo zuwa ƙirji, Atwa a kai, Mitwalli a ƙafa.

“Buɗe, buɗe!” Mitwalli ya fara tun daga nesa. “Rana ta buge mutum, kana zaune kana kallo!”

Mai gadin, wani tsoho mai sandar gora, ya miƙe. Ya dubi ƙafafun da suka leƙo daga bargo, ya daɗe yana dubansu.

“Ɗan wace unguwa ne?”

“Bayan masallacin masunta,” in ji Atwa.

“To ku yi sauri da shi.” Ya ja ƙofa. “Allah ya sawwaƙe masa.”

Nagi ya taɓa hannun mahaifinsa sau ɗaya ya gane. Atwa ya damƙe masa wuyan riga. “Ba yanzu ba, ɗana. Tuƙa.” Ya tuƙa, yana cizon leɓe, yana bin lunguna.

Ummu Nagi ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk gari. Ta ga katako, ta ga fuskar ɗanta. Ta ja numfashi za ta saki ihu, maƙwabta kuwa na zaune a barandarsu. Atwa, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli matar yayansa sosai ba, ya matso har ƙafarsa na taka tata.

“Don girman Allah, riƙe shi. Bai rasu ba tukuna. Sai ya hau gadonsa.”

Ta dube shi. Matar mai aikin ruwa ce, ’yar masunci, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, ta juya ta shige gabansu. Ta yaye zanen gado ta shimfiɗa sabo, ta gyara matashi, ba sauti. Suka kwantar da shi. Ta cire masa rigar aiki mai warin man inji, da ƙyar, ta lulluɓe shi da jallabiyarsa ta gida. Ta zare tsumman goshin. Sannan ta ɗago ta dubi Atwa.

Ya gyaɗa kai.

Ya fito ya zauna a matakala, kusa da Mitwalli da ke haki. Ihun ya tsaga gidan, ya fita ta taga, ya bi layin. Ƙofofi suka fara buɗewa, takalma na gudu. Wani tsoho maƙwabci ya iso yana riƙe da bango.

“Rayyis, lafiya? Wane ne?”

“Shahata ne,” in ji Atwa. “Yanzun nan, a gadonsa. A aika wa likita.”